Shagon wani mai zanen littattafan yara a Damagaram: kyan aikinsa da jinkirinsa

A unguwar Zango, kan hanyar Kasuwar Dole, akwai shagon wani dattijo mai zane wanda yawancin mutane suka sani da rubuta allunan shaguna da ƙawata jikin motoci, alhali aikin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne zanen hotunan littattafan yara. Ƙungiyarmu ta malaman firamare ta ba shi aikin ɗan littafin tatsuniya mai shafi 24, kuma a kan wannan aiki nake bayar da shaida.

Tarihin sana'arsa, kamar yadda yake ba da shi, ya faro ne daga makarantar allo, inda ya koyi zayyana da alƙalamin kara da tawadar da ake haɗawa da ƙaro. Daga nan ya koma fentin mai a kan allunan 'yan kasuwa, sannan ya koyi fentin ruwa a kan takarda lokacin da masu shirya littattafan koyon karatu da Hausa suka fara neman masu zane. Wannan buƙata tsohuwa ce a garinmu, domin a Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida a 1973, kuma a 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Har yanzu ana ganin hannun mai zayyana a aikinsa, musamman a layukan da yake ja ba tare da gyara ba, da kuma yadda yake rubuta ɓ da ɗ da ƙ a bangon littafi, kowanne da lanƙwasarsa a fili.

Abin da ya sa nake ganin ya cancanci kuɗinsa shi ne yana zana abin da ya gani da idonsa. Yaran da ke cikin littafinmu 'ya'yan Damagaram ne: yarinya da tallan gyaɗa a ka, yaro yana tura kurar ruwa cike da jarkoki masu ruwan ɗorawa, a bayansu kuma manyan duwatsun nan da suka tsaya tsakanin gidajen unguwar Birni, da bangayen ƙasa masu zanen dagi. A shafin da labarin ya shiga damina, sai ya zana gawo tsirara babu ganye a tsakiyar gonar gero mai kore shar, ya mayar masa da ganyensa a shafin rani. Duk ɗan manomi ya san haka gawo yake, amma mai kwaikwayon hotunan intanet ba zai taɓa kawo wannan ba. Gizo kuwa bai zana shi gizo-gizo sak ba. Ya yi shi siririn mutum mai dogayen gaɓoɓi da ƙaramar hula, ido na rawa, ta yadda yaro zai gane maƙaryaci ne tun kafin a karanta masa jimla ɗaya. Ban yarda da yadda ya yi Ƙoƙi ba, domin fuskarta da ta sauran matan littafin kusan ɗaya ce, kallabi kawai ke bambanta su, kuma da muka yi magana ya gyara shafi biyu ya bar sauran.

Farashinsa a kan shafi yake, bango kuma da nasa kuɗin daban, sannan yana karɓar rabi a matsayin kafin alƙalami. Bai ƙara ko dala a kan abin da aka yi ciniki ba.

Babban aibinsa jinkiri ne. Wa'adin da ya ɗiba ya wuce da nisa, saboda duk lokacin da mai shago ya zo da allo yana son a gama masa a ranar, littafi ake ajiyewa, kuma ba zan zarge shi sosai ba tunda allunan ne ke cika tukunyar gidansa. Aibi na biyu shi ne ba shi da na'urar ɗaukar hoton takarda, da waya yake ɗauka, wanda hakan ke kashe launi, ya mai da shuɗin baba toka-toka idan an buga. Dole muka karɓi ainihin takardun muka aika da su Kano aka ɗauke su a maɗaba'a, kuma a lokacin hunturu sai an naɗe su da kyau saboda ƙura.

Wanda yake son littafinsa ya fito a buɗe makarantu cikin Oktoba, ya kai masa rubutun tun kafin damina ta sauka, ya rubuta yarjejeniyar cewa ainihin zanen na mai littafin ne, kuma ya nemi ganin fuskokin mutanen labarin da fensir kafin a sa musu fenti.