Na'urar gwada akwatin wutar kwamfuta: abin da ta gano da abin da ya ɓuya mata

Na sayi wannan na'ura saboda matsala guda, kuma a kan matsalar zan auna ta. Na cire tsohon katin hoto daga kwamfutata ta tebur, na saka sabo wanda ya fi shi ƙarfi, na danna maɓallin kunnawa, fankoki suka tashi, fitilun ciki suka kama, amma monita ta tsaya baƙa ƙirin, in ban da ɗan saƙon da take nunawa cewa babu sigina kafin ta koma barci. Wahalar wannan hali ita ce kwamfutar ba ta mutu ba, sai dai hanyar da ta saba bi ta faɗi abin da ke damunta ita ce ta toshe.

Na fara da abubuwan da ba sa buƙatar kayan aiki. Na tabbatar wayar HDMI tana jikin sabon katin, ba a kafar babban faifan da ake kira madabod ba, domin madabod da yawa suna kashe hotonsu da zarar sun ga an saka kati, wasu farosesa kuma (farosesa ita ce ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi), irin na Intel da lambarsu ta ƙare da harafin F, ba su da sashen hoto tun asali. Na sauya waya, na zaɓi kafar da ta dace a jikin monita, na zare katin na sake danna shi cikin ramin PCIe, wato mazaunin kati a jikin madabod, har maƙallin ya yi ƙas. Babu abin da ya sauya. Da na mayar da tsohon katin, hoto ya dawo nan take, abin da ya nuna monita da madabod da RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta) duk lafiya suke, zargi ya koma kan abu biyu: ko sabon katin, ko wutar da ke zuwa masa.

Na'urar ba ta wuce tafin hannu ba, jikinta na ƙarfe ne mara nauyi, da ɗan gilashi mai nuna lambobi a tsakiya. Irinta na fitowa da sunaye daban-daban amma fasali ɗaya. A gefe guda akwai kafa mai haƙora 24 ta babbar wayar madabod, a ɗaya gefen akwai kafa mai haƙora 4 da mai 8 na wayar farosesa da mai 6 ta katin hoto, sannan akwai na wayoyin SATA masu kai wuta ga faifan ajiya, da tsofaffin wayoyi masu haƙora huɗu. Ba ta da batir, daga akwatin wutar da ake gwadawa take shan wuta. Aiki da ita ba ya buƙatar ƙwarewa: a kashe akwatin wuta ta maɓallin baya, a zare wayoyinsa daga madabod da kati, a jona su a na'urar, a sake kunnawa. Babu dalilin kwance murfin akwatin wutar kansa, kuma bai kamata a kwance ba, domin akwai sassa a ciki da ke riƙe caji ko bayan an cire shi daga soket.

Abin da ya fi burge ni shi ne tana ba da lambobi, ba fitila kore ko ja kawai ba. Ƙa'idar ATX ta ƙera madabod da akwatin wuta, wadda Intel ya fitar a 1995 aka ci gaba da sabunta ta, ta daɗe tana yarda manyan layukan wuta su kauce da kashi 5 cikin ɗari sama ko ƙasa, wato layin bolt 12 ya tsaya tsakanin 11.4 da 12.6, na bolt 5 tsakanin 4.75 da 5.25. Nawa ya nuna 12.1 da 5.0, layin bolt 3.3 kuma ya nuna 3.3 daidai. Akwai kuma lambar PG, wadda ke auna lokacin da akwatin wuta ke ɗauka kafin ya sanar da madabod cewa wuta ta daidaita, kuma ana son ta faɗa tsakanin milisakan 100 da 500. Nawa ya nuna 280. Da wani layi ya kauce, lambarsa za ta riƙa ƙyaftawa, na'urar ta yi ƙara. A cikin minti biyu na samu tabbacin cewa akwatin wutar bai ƙone ba, kuma ba zai aika wa sabon katin wutar da za ta lalata shi ba. Wannan kwanciyar hankali ba ƙarama ba ce ga wanda ke shirin sake jona kati mai daraja.

Sai dai a nan ne amfaninta ya tsaya, kuma ina ganin wajibi ne mai saye ya fahimci dalili. Na'urar tana gwada akwatin wuta ne kusan babu kaya a kansa, abin da take ja bai taka kara ya karya ba. Katin hoto kuwa yana iya jan wat 75 daga ramin PCIe, da wat 75 daga waya mai haƙora 6, da wat 150 daga kowace waya mai haƙora 8, sababbin katuna ma sukan yi wani fizgar wuta na ɗan ƙiftawar ido da ke zarce abin da aka rubuta a kwalinsu. Akwatin wuta da ya tsufa, ko wanda ƙarfinsa bai kai ba, zai iya nuna 12.1 daram a kan wannan na'ura, amma ya durƙusa da zarar an ɗora masa kati. Takardar da ta zo da ita ba ta yi wannan bayani ba ko da layi ɗaya, kuma wannan ne babban aibinta a wurina, domin mutum na iya ganin lambobi masu kyau ya wanke akwatin wutarsa, ya mayar da kati mai lafiya a matsayin lalatacce.

Aibi na biyu shi ne wanda ya shafe ni kai tsaye. Wayar katin hoto a yawancin akwatunan wuta tana zuwa ne a rabe, haƙora 6 da wasu 2 da ake mannawa a gefe su zama 8. Na'urar tana da kafar haƙora 6 kaɗai na katin hoto, don haka sai an ware biyun nan gefe kafin a gwada. Kafarta mai haƙora 8 ta farosesa ce, kuma ko da ta yi kama da wayar kati mai haƙora 8 a ido, tsarin wutarsu ba ɗaya ba ne, bai kamata a tura ɗaya cikin kafar ɗaya da ƙarfi ba. Ma'ana, waɗannan haƙora biyu ba sa shiga gwajin sam.

Abin da ya kai ni ga amsa wata 'yar ƙaramar sifika ce mai wayoyi biyu da ake soka wa a jikin madabod, wadda na samu a kwalin tsohon akwatin kwamfuta. Da na jona ta na kunna, ta yi ƙara ɗaya mai tsawo da gajeru uku, kuma littafin madabod ɗina ya fassara wannan da cewa ba a ga katin hoto ba. Ma'anar ƙarar takan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, saboda haka littafin ne abin dogaro. Sababbin madabod da dama kuma suna da ƙananan fitilu huɗu masu alamar CPU da DRAM da VGA da BOOT da ke yin wannan aiki. Na ɗauki tocila na duƙa a kan katin. Haƙora shidan sun shige har ƙarshe, maƙallinsu ya kama, amma 'yan biyun sun zame baya da kamar kaurin farce, ana hango ɗan farin ƙarfe a tsakani. Ɗaya daga cikinsu shi ne ke sanar da katin cewa an jona masa waya mai iya ɗaukar wat 150, in bai ji shi ba sai ya ƙi tashi. Wasu katuna sukan rubuta gargaɗi a monita idan haka ta faru, nawa shiru ya yi. Na kashe wuta, na zare wayar, na haɗa shida da biyun a hannu har ɗan harshen roban ya shige ƙarƙashin babban, na danna su tare. Sifikar ta yi ƙara ɗaya gajera, tambarin madabod ya bayyana.

Da hakan bai yi ba, matakin da ke gabana shi ne cire ɗan batirin madabod, CR2032, na ɗan lokaci domin saitin BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta, ya koma na asali, sannan sabunta BIOS ɗin da tsohon katin a ciki, tunda tsofaffin madabod wani lokaci ba sa jituwa da katunan da aka yi wa tsarin UEFI, wanda ya gaji tsohon tsarin BIOS. Na'urar ba ta da ta cewa a kan ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma ban ɗora mata laifi a nan ba, ba aikinta ba ne.

Ga mai gyara da kwamfutoci ke ratsa hannunsa kullum, ina ganin ta cancanci zama a jakar aiki, domin tana ware mataccen akwatin wuta daga mai rai cikin sauri ba tare da an sa madabod cikin haɗari ba. Wanda kwamfuta ɗaya gare shi kuwa, sifikar nan da tocila da tsohon katinsa za su fi yi masa amfani. Kada a bar na'urar a jone na dogon lokaci, tawa ta fara ɗumi bayan 'yan mintoci. Wanda kuma katinsa ke aiki da sabuwar waya mai haƙora 16 da ta zo da ATX 3.0 a 2022, wadda ke ɗaukar har wat 600, ya duba da kyau kafin ya saya, domin irin wadda ke hannuna ba ta da kafar da wannan waya za ta shiga.