Ƙuma a gida: fiya-fiya ko maganin ɗiga wa kyanwa?

'Yar'uwa, tsakanin fesa fiya-fiya da maganin da ake ɗiga wa kyanwa a ƙeya, ɗauki na ɗigawa. Duka biyun na kashe musu kuɗi.

Shekarar da kyanwarmu ta haihu a ƙarƙashin gadona, ƙafafun autata suka cika da jajayen ƙuraje daga idon sawu zuwa ƙwauri, tana susa har jini. Likitan dabbobi ya ce in taje bayan kyanwar a kan farin ƙyalle mai laima. Wasu baƙaƙen ɗigo kamar garin masoro suka zubo, ina kallo suka narke suka koma ja. Kashin ƙuma ne, jinin da suka sha. Nan na gane a jikin kyanwa suke zaune, ɗakin kuwa wurin zuba ƙwai ne. Mace ɗaya tana iya yin ƙwai 40 zuwa 50 a rana, su gangaro cikin tabarma da kafet da tsagar siminti.

Likitan ya ba ni ɗan bututu mai sinadarin fipronil. Ki raba gashin ƙeyarta, inda harshenta ba ya kaiwa, ki matse a kan fata, sau ɗaya a wata. 'Ya'yan da ba su kai mako 8 ba ba a sa musu, da matajin ƙwarƙwata na riƙa bin su. Tsummansu da zannuwan gado na wanke da ruwan zafi, katifa da tabarmi suka sha rana, shara kuma kullum har lungu, ina ƙone abin da na tara. Cikin kwana biyu kyanwar ta daina susa, ta miƙe a tsakar gida tana barci kamar ba ita ba. Wallahi har zuciyata na ji sanyi.

Bayan mako biyu za ki iya ganin sababbi suna tsalle. Kada ki ce maganin bai yi ba. Waɗanda ke naɗe cikin kwansonsu ne suka fito, kuma da sun hau kyanwar sun mutu. Ki jure wata 3 ba fashi.

Fiya-fiya kuwa, e, yana kashe masu tsalle a ranar. Na cikin kwanso bai taɓa su ba, ya bar mini yara da tari da ɗaki mai wari kwana uku. Sinadarin da aka fi haɗa shi da shi, DDVP, na gona ne, kuma a 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwa.

Ki kiyayi masu talla a kwalbar da ba takarda, an tsinka da kalanzir ana rantse miki. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, in an kankare ki ajiye masa abinsa. Wani zai miƙo miki na kare ya ce duk ɗaya ne. Ƙarya ne, in akwai permethrin a ciki yana iya kashe kyanwa. In kuma kina da kaji, kada fipronil ya je kusa da su, shi ne ya sa aka janye miliyoyin ƙwai daga kasuwannin Turai a 2017. Su ki zuba musu toka su yi birgima, ki shafa basilin a kan waɗanda suka manne musu a gefen ido da zanko.

Ki je shagon magungunan dabbobi da kanki, ki ce na kyanwa kike so, ki faɗa musu watanninta.