Tsohuwar motar ƙwanji ta Amurka: wacce za ka saya don gyarawa da hannunka?

A shekarar 1964 kamfanin Pontiac ya ɗauko injin babbar mota, mai silinda takwas da girman lita 6.4, ya cusa shi cikin matsakaiciyar motarsa Tempest LeMans, ya raɗa mata suna GTO. Daga nan kasuwar abin da Amurkawa ke kira motocin ƙwanji ta buɗe: bodi madaidaici, ƙofa biyu, tayoyin baya ke tura ta, inji kuwa ya fi ƙarfin jikin. Zamanin bai yi tsawo ba. Kamfanonin inshora suka tsawwala kuɗi, dokar tsaftace iska ta 1970 ta matse injuna, rikicin man fetur na 1973 ya zo ya ƙarasa. Ke nan duk motar da za ka je tayawa a cikin wannan dangi, ko autarsu ce, ta ba shekara hamsin baya.

Wannan lissafin nake so ya zauna maka a rai kafin ka fara kallon hotuna. Inji abu ne da mutum biyu za su sauke su ɗora wani cikin kwana biyu. Tsatsa kuwa sai an yanke, an yi walda, an goge, an sake fenti, kuma a Amurka awa-awa ake biyan mai gyaran bodi. Saboda haka bodi za ka saya, inji ya biyo baya.

A wata unguwa ta jihar Ohio na koyi wannan, ranar da na je duba wata jan Mustang ƙirar 1966. Na tafi da wani dattijo mutumin Kaduna da ya shafe shekaru yana gyaran bodi kafin ya zo ƙasar. Motar na sheƙi, injin na gurnani, ni har na fara lissafin abin da zan taya. Shi ko bonet bai buɗe ba. Ya ce, "Ɗana, miƙo min gorar ruwan nan." Ya tsiyaya ruwan a ramukan iskar da ke gindin gilashin gaba, ya ce in leƙa ƙarƙashin dashbod. Sai ga ruwa na ɗiga kan kafet, ɗis, ɗis, ta ɓangaren fasinja. Sannan ya naɗe ɗan maganaɗisu a hankici ya bi gefen motar da shi. A ƙofa ya kama, a bayan tayar baya ya zame ya faɗi ƙasa, don fila ce aka cika wurin da ita aka bi da fenti. Na ce, "Baba, ba za ta gyaru ba ne?" Ya ce, "Za ta gyaru. Amma kuɗin mota biyu za ka biya ka samu ɗaya." Akwatin da ruwan ya bi ƙarfe biyu ne aka haɗe da walda, kuma kafin a kai gare shi sai an cire gilashi da fendoji. Ruwan da ya daɗe yana bi ta nan kuwa ya riga ya cinye ƙasan motar.

Duk da haka, Mustang ta 1965 zuwa 1968 nake fara nuna wa duk wanda bai taɓa irin wannan aiki ba. Ford ya fito da ita ranar 17 ga Afrilun 1964 a kan dala 2,368, kafin a cika shekara biyu an ƙera miliyan ɗaya. Wannan yawan shi ne alherinta. Kamar yadda Fijo 504 ba ta taɓa kwana a gareji a Kaduna don rashin kayan gyara ba, haka Mustang take a Amurka: daga noti zuwa ƙofa, daga kushin zuwa tambarin doki, akwai mai ƙera sabo. Kamfanin Dynacorn har sabon bodi sukutum yake bugawa da izinin Ford. Masu tsattsauran ra'ayi za su ce Mustang da Camaro ta Chevrolet ƙananan dangi ne, ba cikakkun motocin ƙwanji ba. Da gaskiyarsu, sai dai kasuwa ta daɗe da haɗe su.

Iri uku ake samu: mai rufi na sosai, mai buɗaɗɗen sama, da mai gangararren baya. Ta ƙarshen ce kowa ke so, shi ya sa kuɗinta ya yi wa ta farkon nisa, alhali daga ƙofa zuwa gaba abu ɗaya ne. In tuƙi kake so da jin daɗin aikin hannunka, ɗauki mai rufi na sosai, rarar ta tafi birki da fenti. Ka kuma karanta lambar shasi. Harafi na biyar shi ke faɗin injin da aka haife ta da shi: a ƙirar 1966, T na nufin silinda shida, C da A injin 289 ne wato lita 4.7, K kuwa shi ne 289 mai ƙarfin doki 271, mai wuyar samu da tsada. Kada a ce maka silinda shida ba komai, ai sai ka ɗora takwas. Mai shidan noti huɗu ne a tayarta maimakon biyar, birkinta ƙarami, ƙafafunta da aksul ɗinta marasa nauyi, duk sai ka sauya su. Raunin Mustang na asali shi ne ba ta da shasi daban, bodin ne ke ɗauke da kansa. Idan tsatsa ta ci layukan ƙarfen ƙasa ko mazaunin shokazoba na gaba, ƙashin bayan motar ta ci.

Camaro ta 1967 zuwa 1969 ta fi ta tsada tun daga tushe, musamman ta 1969. Abin da take ba ka a madadin haka shi ne ƙaramin injin Chevrolet mai silinda takwas, wanda aka fara a 1955, kuma samfurinsa na 350, lita 5.7, a Camaro ya fara bayyana. Babu injin da ya kai shi arahar kayan gyara a Amurka. Gabanta ma rabin shasi ne da ake kwancewa da noti, ka jawo shi waje da inji da ƙafafun gaba ka yi aikinka a sarari. Duba gindin gilashin baya, da ƙasan but, da ƙarƙashin ledar rufi in tana da ita, don danshi can yake ɓuya. Idan kuɗin Camaro ya gagara, Nova ta 1968 zuwa 1972 tana nan, gabanta kusan iri ɗaya ne da na Camaro, injin ma ɗaya. Ni ina ganin ita ce mafi dacewa da mai matsakaicin ƙarfi da ke son Chevrolet, illa dai wasu kayan adonta ba su kai na Camaro yawa ba.

Ga wanda yake da fili da haƙuri, Chevrolet Chevelle ta 1968 zuwa 1972 ita ce motar ƙwanji ta haƙiƙa. Cikakken shasi gare ta, ana ɗage bodin gaba ɗaya a ajiye gefe, a wanke shasin a yi masa fenti a ɗaura sabbin ƙafafu. Tana zaunar da mutum biyar ba takura, kuma babban inji na shiga ba tare da yanka ba. A 1970 ta fito da 454, lita 7.4, wanda mafi zafinsa, LS6, aka rubuta masa ƙarfin doki 450. 'Yan'uwanta GTO da Oldsmobile 442 da Buick GS a kan tsarin shasi ɗaya suke, kayan birki da na ƙafafu da yawa suna shiga juna, sai dai kowanne da injin gidansu, kuma gyaran injin Pontiac ko Buick ya fi na Chevrolet cin kuɗi. A nan ne kuma ake yawan cuta. Daga 1966 zuwa 1968 lambar shasin SS, wato samfurin Chevelle mai ƙarfi da tsada, da 138 take farawa. Daga 1969 aka mayar da SS ƙarin kaya kawai, a ƙirar 1969 da 1970 lambar ba ta nuna shi. Tambarin SS kuwa kowa na iya saye ya manna. In babu takardar haɗi ta masana'anta, wadda wani lokaci ake tsinta a cikin kujera ko a saman tankin mai, biya kuɗin Malibu, wato gama-garin Chevelle, kada ka biya na SS.

Dodge da Plymouth su ne masu ɗaukar ido, ni ma ban taɓa wuce Charger ta 1968 ban waiwaya ba. Amma ba na ba sabon shiga shawararta. Fina-finai sun ɗaga kuɗinta har ruɓaɓɓiyar akwala ma ana rububinta, kayanta sun fi na Ford da Chevrolet tsada, ƙananan kayan ciki kuwa sai an yi farautarsu. A 2014 an sayar da wata Plymouth Hemi Cuda mai buɗaɗɗen sama ƙirar 1971 a kan dala miliyan 3.5 a gwanjon Mecum, kuma irin wannan labari ne ke sa duk mai tsohuwar Dodge a bayan gida ya ɗauka zinariya ya ajiye. Mai ƙaunar wannan gida ya nemi Dart ko Duster mai injin 318 ko 340. Ya duba inda sandunan ƙarfen da ke riƙe nauyin gaba suka kafu a ƙasan mota, don in wurin ya ruɓe gaban zai zauna. Ya kuma sani, har zuwa 1970 notin tayoyin ɓangaren direba ta hagu ake ɗaure su. Mutane da yawa sun karya su suna zaton kwancewa suke.

Bayan zaɓen iri, sai halin da motar take ciki, wanda a ganina ya fi irin muhimmanci. Wadda ke tashi ta yi tafiya, ko da fentinta ya koɗe, ita ce gaba. Za ka ji giyarta, ka ga hayaƙinta, ka riƙa gyara ɗaya bayan ɗaya kana hawa. Wadda aka tsinta a rumbu bayan shekara talatin tana da daɗin labari, amma tanki da tiyo da birki da wayarin duk sabo za ka sa. Mafi haɗari ita ce wadda wani ya wargaza ya zuba a kwalaye ya gaji. Za a ce maka komai na nan. Ba ka da hanyar tabbatarwa sai ranar da ka nemi wani ɗan ƙarfe ka rasa, cinikin biri a sama ke nan. Asalin jiha ma abin tambaya ne. Michigan da Ohio da New York suna zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, motocinsu daga ƙasa suke ruɓewa. Na Arizona da Nevada rana ce ke ƙone musu kushin da dashbod, wannan kuwa da sifana da sukundireba ake magance shi.

Kada ka ba da ko sisi sai lambar da ke takardar mallaka ta yi daidai da wadda ke jikin mota. Lambar shasi mai harafi 17 a 1981 aka fara ta, don haka shafukan binciken tarihin mota na yau ba za su taimake ka ba. Ford daga ƙirar 1967 akwai rahoton Marti da ke faɗin yadda ta fito daga masana'anta, Pontiac kuma akwai irinsa, takardun PHS. Farashin gwanjon Barrett-Jackson da ake nunawa a talabijin na motocin da aka gama ne. Jadawalin farashi na kamfanin Hagerty, mai raba mota hawa huɗu gwargwadon lafiyarta, ya fi kusa da abin da za ka tarar.

Tun kafin saye ka yanke shawara: mayar da ita yadda aka haife ta za ka yi, ko zamanantar da ita? In motar mai wuyar samu ce kuma injinta na asali na ciki, kada ka yanka ko'ina, darajarta a nan take. In gama-gari ce, zamanantar da ita ba laifi, amma da birki ake farawa. Mustang ta 1965 da 1966 mastan birkinta mai tukunya ɗaya ne, tiyo ɗaya ya fashe tayoyi huɗu sun rasa birki. Sa mai tukunya biyu, ka mayar da durom ɗin gaba diski, ka sa bel mai ratsa kafaɗa. Tankin man Mustang na wancan zamani shi ne ƙasan but ɗinta, ya kamata a shimfiɗa farantin ƙarfe tsakaninsa da kujerar baya. Daga nan sai lagireto, sai cire kwantak a sa na lantarki, sai giyabos mai giya biyar don injin ya huta a babbar hanya. Injekta irin Holley Sniper tana hawa mazaunin kafireta in ka gaji da saiti. Injin Chevrolet na zamani da ake kira LS yana shiga Camaro da Nova da Chevelle cikin sauƙi, amma Coyote na Ford faɗi gare shi, ba ya shiga tsohuwar Mustang sai an yanke mazaunin shokazoba. In tsohon injin za ka riƙe, nemi baƙin mai mai wadataccen sinadarin zink don kada kamshaf ya cinye, ka kuma sauya duk tiyon fetur, saboda man yanzu mai gaurayen etanol yana cin tsohuwar roba.

Mai niyyar kai ta gida, sitiyarinta na hagu ya dace da titunan Najeriya da Nijar. Sai dai Najeriya na da dokar da ta ƙayyade shekarun motar da za a shigo da ita, don haka a gama magana da Kwastam kafin a biya kuɗin jirgi. Notunanta da awon inci suke, sifanun gareji na milimita za su cinye musu kai, sai ka haɗo da naka saitin, da babban lagireto saboda zafin Afrilu, da kayan sabis na shekara biyu.

Ni daga ƙarshe wata farar Mustang ta 1966 na saya, mai rufi na sosai, harafin C, daga Arizona. Fentinta ya zama alli, kushin ya tsage har soso na leƙowa, kafireta na yoyo. Baba ya tsiyaya ruwansa, kafet ta zauna a bushe. Ya kwanta ƙarƙashinta da fitila da ƙaramar guduma ya bi ƙarfen ƙasa tun daga gaba har baya, ya fito yana kakkaɓe riga ya ce, "Ɗana, biya su." A kan tirela muka kawo ta gida, kuma ban hau titi da ita ba sai da mastan birki mai tukunya biyu ya iso.