Ajin shirin aure na wata makarantar mata a Tawa

Wata makarantar Islamiyya ta mata da ke cikin garin Tawa, a Nijar, ta buɗe aji domin 'yan matan da aka sa wa ranar aure. Ana zama bayan la'asar tsawon wata guda, kuɗin shiga jika biyar ne, kuma an yarda uwa ko goggo ta zauna daga baya ta saurara. Da wannan izini na riƙa raka ɗiyar yayana, don haka abin da zan faɗa kunnena ne ya ji.

Malama ta fara da hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa ana auren mace domin dukiyarta, ko asalinta, ko kyanta, ko addininta, sannan ta bayyana cewa addinin da ake nufi ya wuce tsawon hijabi, ya haɗa da gaskiya, da riƙon amana, da tsare harshe daga kai sirrin ɗaki gidan biki. Ana jin irin wannan a kowane wa'azi, sai dai ta tsara shi da kyau.

Inda ajin ya ci kuɗinsa shi ne darasin riƙon gida idan maigida ya tafi bida. Duk wanda ya san Adar, yankin da Tawa take, ya san cewa da zarar an gama girbi samari suke kama hanyar Abijan ko Libiya ko Nijeriya, a bar amarya a gidan surukai tun lallen ƙafarta bai goge ba. Malama ta zana buhun hatsi a allo, ta raba shi tiya-tiya, ta sa kowace yarinya ta lissafa a littafinta makonnin da zai kai gida mai mutum shida. Ta kuma taɓo maganar da mutane ke jin nauyinta: da sunan wa za a riƙa aiko da kuɗi ta Nita ko Al Izza, na matar ko na uwar miji? Shawararta ita ce a yanke wannan a gaban iyaye tun kafin ya ɗauki jaka, domin aure da yawa a nan yake fara tsagewa. Daga nan ta ƙarfafa su a kan sana'ar hannu da shiga asusu irin na Mata Masu Dubara, tsarin da ƙungiyar CARE ta fara a ƙasar nan a 1991.

Abin da bai gamsar da ni ba shi ne yadda aka ɗora wa mace haƙuri ita kaɗai. Wata yarinya ta tambaya, muryarta na rawa, yaya za ta yi idan miji ya shekara bai aiko da ko dala ba. Amsar da ta samu ita ce: "Ɗiyata, mahaƙurci mawadaci ne." Karin maganar gaskiya ce, amma ba ita ce dukan amsar ba, domin a mazhabar Malikiyya ciyarwa wajibi ce a kan miji, kuma matar da aka bari babu ci tana da damar kai kukanta gaban alƙali. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ma ta yi umarni da a tayar da mai sulhu daga dangin miji da wani daga dangin mata idan aka ji tsoron ɓaraka. Sanin wannan ba ya koya wa yarinya tsaurin ido, yana dai hana ta haɗiye cuta a matsayin ibada.

Batun lafiya kuwa zama ɗaya aka ba shi, alhali binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, kuma da yawa a ajin ba su kai ba. Lokacin da aka kashe wajen tallar turaren wuta da humra, waɗanda ake sayarwa a bakin ƙofa, da awon ciki aka bayyana musu da ya fi.

Ina ba iyaye shawarar su kai 'ya'yansu, amma babba ta raka su domin ta cike giɓin a gida. Angwaye kuma babu wanda ya kira su ko sau ɗaya, duk da cewa makarantun mazaje da UNFPA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da al'amuran yawan jama'a, ta tallafa wa a jihar Damagaram sun nuna cewa maza na zuwa idan an gayyace su. Na yi wa Malama wannan magana, ta ce tana neman malamin da zai karɓi ajin.