Google Fonts da Mujallar Waƙa: Inda Ya Gamsar da Inda Ya Gaza

Duk wanda ya zauna tsara shafukan mujallar kiɗa da waƙa da harshen Hausa zai tarar cewa kalmomin da suka fi yawa a kanun labaransa, wato waƙa, mawaƙi, kiɗa da makaɗa, dukkansu suna ɗauke da haruffa masu ƙugiya. Da wannan ma'auni na duba Google Fonts, rumbun samfuran haruffa na kamfanin Google a intanet, wanda aka buɗe a 2010, kuma akasarin samfuran haruffan da ke cikinsa suna ƙarƙashin lasisin SIL Open Font License, wanda ya halatta a buga su a mujallar sayarwa ba tare da biyan ko sisin kwabo ba.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne gurbin da ake rubuta kalma a ga yadda kowane samfuri zai fito da ita. Sunan Ɗanƙwairo na riƙa sa wa, domin ya haɗa babbar Ɗ da ƙaramar ƙ, sannan na ƙara da WAƘA da manyan baƙaƙe. A nan ne asirin samfura da dama ya tonu, musamman dogaye masu kauri waɗanda suka dace da bangon mujalla: idan samfurin ba shi da harafin, sai kwamfuta ta aro shi daga wani samfuri dabam, ya fito siriri a tsakiyar masu kauri kamar bare a gidan biki. Mai tsarawa a manhajar CorelDRAW ko InDesign da bai lura ba yana iya ganin aibin sai bayan an gama bugu, lokacin da gyara ya zama asarar takarda da tawada.

A rubutun cikin shafi kuwa, rumbun ya gamsar da ni. Samfurin Charis SIL, wanda aka gina a kan samfurin Charter na Matthew Carter, yana da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ta rubutun Nijar, kuma ido ba ya gajiya da shi a doguwar hira da mawaƙi. Sai dai kaurinsa iri biyu ne kawai, kowanne da nau'insa mai karkata (italic), don haka ba shi da isasshen ƙarfi a kanun labari. Noto Sans ya cike wannan giɓi, tun da ya zo da kauri daga siriri ƙwarai har zuwa mai nauyi, ga kuma matsattsen nau'i, ko da yake fuskarsa ta fi kama da ta takardar ofis fiye da ta dandalin kalankuwa.

Akwai kuma samfurin Alkalami na cibiyar nazarin harsuna ta SIL, wanda ya bi salon rubutun ajami na Kano, kuma zai yi kyau a shafin rubutattun waƙoƙin da.

Shawarata ga mai irin wannan aiki ita ce ya ba Charis SIL cikin shafi, ya ba Noto Sans mai nauyi kanun labarai, sunan mujallar kuwa ya sa mai zane ya zana masa da hannu, domin ban samu samfurin ado a rumbun da ya haɗa armashi da cikakkiyar ƙugiya yadda nake so ba.