Kolorado ko Wayomin: Ina Baƙo Zai Fara Neman Lasisin Farautar Elk?

Malam, ka tambayi inda baƙo, wato wanda ba mazaunin jihar ba, zai fara neman lasisin farautar elk a Amurka; tsakanin jihohin biyu da ka ambata, Kolorado da Wayomin, Kolorado zan ce ka fara da ita, kuma ba da jin labari nake magana ba, domin duka biyun sun ci kuɗina.

A Kolorado na fara ɗaukar bindiga a bayan elk, dabbar nan mai ƙaho mai rassa wadda namijinta ya fi gwanki girma. Jihar ce ta fi kowace yawansu a Amurka, kuma a zangon bindiga na biyu da na uku, wato daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, baƙo yakan sayi lasisin namiji kai tsaye a yankuna da dama ba tare da shiga ƙuri'ar rabon lasisi ba, a kan kuɗin da ya ɗan haura dala 800. Shekarar farko na dawo hannu Rabbana, kamar yadda akasarin masu irin wannan lasisi suke dawowa, saboda dajin cike yake da mafarauta sanye da rigar ruwan lemo da doka ta wajabta. A ta biyu, a tsaunukan da ke kusa da garin Meeker, na kwanta cikin ƙanƙara tun kafin ketowar alfijir, yatsuna sun ƙage har da kyar na ƙirga rassan ƙahon, domin a yawancin yankunan sai ya kai huɗu a gefe guda kafin a halatta harbi. Na yi bismillah na harba. Sahu huɗu muka yi da abokina muna ɗauko naman a baya, kuma har bayan sallar azumi uwargida tana yin dambu da shi.

Ita ƙuri'ar Kolorado ana rufe ta a Talatar farko ta Afrilu, sai ka sayi lasisin share fage, kamar na farautar ƙananan dabbobi, kafin a karɓi takardarka, kuma wanda ya fi maki, wato abin da ake tarawa ɗaya a duk shekarar da ka nema ba ka samu ba, shi ake ba, saboda haka alƙaluman bara da hukumar namun dajin jihar take wallafawa suna nuna maka kusan inda ka tsaya. Kada ka sa rai a yankunan arewa maso yamma da suka yi suna, waɗanda baƙo yakan haura shekara 20 yana tara musu maki. Akwai wasu da maki ɗaya ko biyu ke isa. Ka kuma lura cewa daga 2025 baƙi masu kwari da baka sun koma shiga ƙuri'a a yammacin jihar.

Wayomin kuwa, ban hana ta nata ba: dajinta ya fi sarari kuma mafarauta sun fi ƙaranci. Sai dai a Janairu ake nema, a biya kuɗin lasisi gaba ɗaya tun a lokacin, dala 692 a layin kowa ko 1,950 a layi na musamman bisa farashin 2024, sannan a zauna jira har Mayu. Kashi 75 cikin ɗari na lasisin na waɗanda suka fi maki ne, kashi 25 ne kawai na sa'a. Shekaru na yi ina sayen maki a kan dala 52, adadin da ake bukata yana gaba ina binsa a baya, kafin na karanta cewa yankin da nake hari yana cikin dajin da tarayya ta keɓe, inda baƙo ba ya farauta sai da ɗan jagora mai lasisi ko ɗan jihar. Laifina ne, amma har yau kuɗin suna yi mini ciwo.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da dillalan da ke tallar takardar masu gonaki, wato takardar izinin sayen lasisi da jiha take ba masu filaye, a Facebook suna cewa lasisi tabbas ne. A Kolorado mai filin ne kaɗai yake miƙa takardar ga mafarauci hannu da hannu, doka ta hana dillanci a tsakani, kuma naman da aka samu ta haramtacciyar hanya aka ƙetara da shi wata jiha ya zama laifin tarayya a ƙarƙashin dokar Lacey ta 1900. Duk ɗan jagorar da ya ƙi ba ka lambar rajistarsa, kada ka tura masa ko sisi.

Ka fara da kammala kwas ɗin horar da mafarauta, domin Kolorado tana neman katinsa daga duk wanda aka haifa daga 1949, sannan ka nemi maki kafin a rufe ƙuri'a a farkon Afrilu, ka sayi lasisin zango na biyu a wannan kakar.