Aikin sa-kai a sansanin yara na Barretstown: abin da na tarar

Kamfanin da nake yi wa aiki yana da shirin tura ma'aikata aikin sa-kai a ƙasashen waje ba tare da an zabtare kwanakin daga hutunsu na shekara ba, kuma ta nan ne na samu gurbi a sansanin Barretstown da ke gundumar Kildare a ƙasar Ailan, kudu maso yammacin Dublin. Sansanin ya cancanci yabo ƙwarai, amma shirin kamfanin namu yana da sauran gyara.

Shahararren ɗan wasan fim na Amurka, Paul Newman, shi ne ya kafa wurin a 1994, bisa tsarin sansanin da ya fara buɗewa a jihar Connecticut a 1988. Ana karɓar yara masu fama da cututtuka masu tsanani, irin su ciwon daji da cututtukan jini, kuma iyayensu ba sa biyan ko sisi. Akwai likitoci da nas-nas a wurin dare da rana, sai dai an tsara aikinsu ta yadda yaro ba zai ji kamar asibiti aka sake kawo shi ba. Magani kan same shi a inda yake, ya sha, ya koma harkar gabansa.

Abin da ya fi burge ni shi ne ƙa'idar da aka dasa mana tun a horon farko, cewa yaro ne da kansa yake zaɓar iyakar abin da zai gwada, ko hawan doki ne, ko tuƙa kwale-kwale, ko harbin baka, ko hawa kan igiyoyi masu tsayi. A rukuninmu akwai wani yaro da jinya ta ramar da shi, wanda ya tsaya a gindin tsani jikinsa yana rawa. Babu wanda ya matsa masa, babu kuma wanda ya ce ya koma gefe ya zauna. Ya yarda aka ɗaura masa ɗamarar kariya, ya taka matakala biyu ya sauko, sai aka tafa masa daidai yadda aka tafa wa wanda ya kai ƙololuwa. Da dare, a hirar da akan yi a masauki kafin barci, shi ne ya fara ɗaga hannu ya ce gobe zai ƙara ɗaya.

Wannan ya tsaya mini a rai saboda yaranmu masu sikila, ganin cewa Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawansu. Tausayi kan sa mu hana su kusan komai: kada su yi gudu, kada su bi sa'o'insu wasa, har yaro ya taso bai san kansa da wani abu ba sai ciwo. A can kuwa likita ne yake tantance abin da ke da haɗari, sauran a bar wa yaro.

Aikin ba yawon buɗe ido ba ne. Mai sa-kai yana tare da yara daga karin kumallo har su kwanta, yana raka su, yana rera waƙa da su ko da gajiya ta kama shi. Dokokin kare yara ma suna da tsauri: babba ba ya keɓewa da yaro shi kaɗai, kuma ba a ɗaukar hotonsu da wayar hannu. Na ga dacewar hakan sarai.

Inda kamfaninmu ya gaza shi ne wajen shiri. Ailan ba ta cikin yankin Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, don haka bizarta daban ce, amma takardar shaidar ɗaukar nauyi ba ta fito daga ofishinmu ba sai da lokaci ya ƙure, takardar shaidar hali ta 'yan sanda kuma ni na yi ta zirga-zirgar nemanta ba tare da jagora ba. Bayan dawowa an sa ran in zauna a tebur washegari, sannan abin da sashen hulɗa da jama'a ya fara nema shi ne hotuna. Babu wanda ya tambayi ko za a iya gwada irin wannan tsari da ƙungiyoyin masu sikila a gida, alhali nan ne kuɗin jirgin da aka kashe zai fi yin amfani.

Ina ba da shawarar zuwa ga duk wanda yake da haƙuri da yara kuma yake jin Turanci sosai. Ya tafi da rigar sanyi da ta ruwa, domin bazarar Ailan ba ta rabuwa da yayyafi. Musulmi kuma ya tsara lokutan sallarsa da shugaban rukuninsa tun ranar farko, domin a watan Yuli rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, asuba kuma tana yi da wuri ƙwarai.